Ɗakin yumɓu a makarantarmu, zangon farko

Litinin, 6 ga Oktoba 2025

Alhamdulillahi yau Hajiya mai makaranta ta amince, ta ba mu tsohon siton nan na bayan ajin nazare wanda ake jibge karyayyun bencina a ciki. Daga yanzu duk ranar Laraba in an dawo tara, 'yan aji biyar da aji shida, su 31, za su yi awa ɗaya da rabi suna koyon ginin tukwane. Dama tsarin makarantar tamu kenan, boko da safe, hadda da islamiyya bayan azahar, ga ɗan lambu a gefen masallaci da yara ke ba ruwa da kansu, amma darasin fasaha shi kaɗai aka bari a kan allo. Sai in zana tulu da alli su kwafa a littafi, in jarabawa ta zo a ce su kawo sana'o'in gargajiya biyar, yaro ya cinye duka alhali bai taɓa sa hannunshi cikin yumɓu ba. Abin ya daɗe yana damuna wallahi.

Kuɗin da aka ware mana naira 60,000 ne na zangon gaba ɗaya. Na ce mata ranki ya daɗe ba za su isa ba in har za a ɗauko mai koyarwa, ta ce a fara dai a gani.

Asabar, 11 ga Oktoba

Baba mai gadi ne ya haɗa ni da wata dattijuwa maginiya a wani ƙauye kan hanyar Kaita, 'yar'uwar matarshi ce. Na same ta tsakar gida ta kife wata tsohuwar tukunya ta barbaɗa mata toka, ta ɗora faifan yumɓu a kai tana bubbugawa tana juyawa har ya rufe gindin tukunyar kaf, kauri ɗaya ko'ina, ba ta ko kallon hannunta muna ta gaisawa. Haka suke fitar da gindi, sai ya ɗan sha iska a cire shi a birkice, sannan a ɗora mashi kafaɗa da wuya da murɗaɗɗen yumɓu.

Da na faɗa mata abin da ya kawo ni ta ce “ɗiyata ni da ban taɓa shiga aji ba mi zan koya ma 'yan boko?” Na ce Inna abin da ke hannunki ɗin nan babu malami ɗaya a makarantarmu da ya iya shi. Mun shirya a kan naira 4,000 duk zuwa, da kuɗin mota daban. Na san kaɗan ne, kuma ina so a rubuta sunanta cikin rijistar malaman wucin gadi yadda ake rubuta na mai koyar da kwamfuta, ba wai a riƙa miƙa mata a bakin get kamar sadaka ba. Zan yi ma Hajiya maganar.

Yumɓu buhu biyu daga bakin fadamarsu, naira 5,000, mai Keke ya kawo har makaranta a 3,500.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ranar farko. Ba a gina komai ba yau, gyaran ƙasa kawai. Aka shanya yumɓun aka daddaka, aka tankaɗe da rariya aka fidda tsakuwa da saiwoyi, sannan aka jiƙa a rabin duro. Inna ta zo da tsingaro cikin buhu, fasassun tukwanen da aka riga aka gasa, ta sa maza suka daka su lis a turmi. Wannan garin tsingaron shi ake haɗawa da yumɓu, misalin kwano ɗaya cikin uku ko huɗu, sabo da yumɓu zalla in ya bushe yana tsukewa da yawa sai ya tsage, shi kuwa tsingaro ya riga ya ga wuta ba ya ƙara tsukewa, kuma yana buɗe 'yan ƙofofin da ruwa zai bi ya fita. Ita ba haka ta faɗa ba, cewa ta yi yana ba tukunya ƙashi, ni ce na yi masu bayanin a aji daga baya.

Kafin a tashi na fiddo takardar naira 20 da na sha wahalar samowa, don yanzu ta yi wuya a hannun mutane, na juya bayanta na ce wa suka gani? Babu wanda ya sani. Na ce Ladi Kwali ce, maginiya daga Kwali can ƙasar Gwari, a gida ta koyi gini tun tana yarinya, a 1954 ta shiga cibiyar koyar da tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja wadda yanzu ake kira Suleja, har tukwanenta suka kai Landan. Takardar ta zaga hannu-hannu, Inna ma ta karɓa ta daɗe tana dubawa.

Laraba, 22 ga Oktoba

Kwaɓi da ƙafa a kan tsohuwar tabarma, sannan da hannu. Inna ta ce sai laushinshi ya zama kamar fura da aka kirɓa, in ka naɗe shi a yatsa bai tsage ba to ya yi. Kowa ya yi ɗan kasko ta hanyar dannawa da babban yatsa.

Na kuma sa kowane rukuni ya yi ɗan falle mai tsawo, suka ɗora rula suka yi zane biyu tsakaninsu santimita 10 daidai. Za mu sake aunawa in ya bushe.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Ƙorafi ya fara. Iyaye uku sun kira ofis a kan yunifom, kuma suna da gaskiya, farar riga ce kuma sabulu ya yi tsada. An yanke shawara kowa ya zo da tsohuwar riga a jaka. Na sayo yadin leda naira 6,000 tela ya yanka mana abin ɗaurawa a gaba guda 15, za a riƙa karɓa-karɓa.

Laraba, 29 ga Oktoba

An auna fallayen. Santimita 10 ta koma 9.3 a mafi yawa, rukuni ɗaya da suka ƙi sa tsingaro sosai nasu ya koma 9.1 kuma ya lanƙwashe. Na ce to su gaya mani kashi nawa cikin 100 ya ragu. Wannan darasin kaso ɗin malamin lissafi ya yi makonni yana fama da su a kai, yau sai ga wani yaro ɗan aji biyar da kullum yake zaune can baya ba ya magana ya ɗaga hannu ya ce “Anti bakwai ne”, na ce ya aka yi, ya nuna mani 'yan layukan rula yana ƙirgawa, layi 100 ne bakwai sun tafi. Na je na kira malamin lissafin ya zo ya gani da idonshi. Mun shirya sati mai zuwa shi zai ba su tambaya, in ana son murfi mai faɗin santimita 12 bayan ya bushe, nawa za a yanka shi yana ɗanye.

Yau aka fara asusu da kaskon turare.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Taron iyaye da malamai. Magana biyu ta taso. Wani Alhaji ya miƙe ya ce shi kuɗi yake biya ɗiyarshi ta zama likita, ba don ta dawo gida tana wasan ƙasa ba, kuma a danginsu babu magina. Raina ya ɗan sosu don Inna ce ta faɗo mani, amma na fahimce shi, mutum ne da ke cire kuɗin makaranta da ƙyar yana son ya ga sakamako. Na ce Alhaji Allah ya ƙara arziki, likita ma da hannu yake aiki, kuma yarinyar da ta iya auna abu ta rubuta ta jira sati ta sake aunawa ta riga ta kama hanyar kimiyya. Na nuna masu fallayen da littafin awon yaran. Bai ce ya gamsu ba amma bai hana ta ba.

Ta biyun malamin islamiyya ne ya kawo ta cikin ladabi, a kan surar abu mai rai, don an ga wasu yara sun mulmula 'yan shanu da raƙuma. Wannan kam ba a ja ba, mun tsaya a kan kayan amfani, kasko, asusu, murfi, tukunyar fulawa, da zanen ado irin na dagi da layuka. Ni hakan ma ya fi mani don abin da za a yi amfani da shi dole ya zauna daram kuma ya riƙe ruwa, ba a yi mashi ha'inci.

Hajiya ta amince an sa Inna a rijista.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Gini a kan kifaffiyar tukunya. Da wuya ƙwarai, yawanci gindin yana maƙalewa ko ya huje a tsakiya. 'Yan mata biyu sun fidda nasu lafiya.

Laraba, 12 ga Nuwamba

An ɗora wuya da baki. Inna ta nuna yadda ake gyara baki da jiƙaƙƙen tsumma, ita ke zagaya tukunyar da baya-baya, tukunyar na zaune wuri ɗaya. Sannan shafa jar ƙasa da gogewa da 'ya'yan kuka da aka shirya a zare, wasu da santsin dutse, har ta fara sheƙi. Mun bar kaya 58 a kan benci, manya da ƙanana.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Innalillahi. Hunturu ya sauko ƙarshen satin nan da iska mai ƙarfi, tagar siton ta gabas kuwa babu gilashi ko ɗaya, iskar ta kwana biyu tana bi ta kan kayan. Da na buɗe da safe duk waɗanda ke layin taga sun tsage, wasu daga baki zuwa kafaɗa, wasu kuma wuyan ya rabu da jiki daidai inda aka haɗa, ka ɗaga shi ya taho a hannunka kamar ba a taɓa liƙa shi ba. Na ƙirga 23 da ba za su gyaru ba, har da tukwane biyun nan na 'yan matan da suka fi kowa kyau.

Abin da ya faru a bayyane yake, baki siriri ne ya bushe da sauri ya tsuke, gindi mai kauri yana nan da danshi bai motsa ba, to dole wani wuri ya yage. Gefen da ke kallon taga ma ya riga ɗayan bushewa, shi ya sa wasu suka karkace. Na kira jikan Inna ya ba ta waya, ta ce ai su da hunturu cikin ɗaka suke shanya, su kife tukunya a kan bakinta su rufa da tsumma ko buhu, sai ta yi kwanaki sannan ta ga rana. Ta ce kar a zubar da ko ɗaya, tunda ba su ga wuta ba a farfasa a jiƙa, yumɓu ne zai koma.

Ɗaya daga cikin 'yan matan ta zo da tara ta ga tata, ta tsaya ta riƙe wuyan a hannu hawaye na zuba ba ta ce komai ba. Ban ce mata ba komai ba don da komai, sati biyu ta yi a kanta. Na zauna da ita muka duba inda ya rabu, ta gano da kanta cewa ba ta karce wurin haɗin ba kafin ta ɗora. Ta tambaya ko za a bari ta zo ranar Alhamis ma, na ce zan roƙi malamin hadda ya ba ta rabin awa.

Kafinta ya rufe tagar da fallen katako, naira 4,500. Buhunan siminti marasa komai kyauta daga wani gini kusa da mu.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Yaran da kansu suka farfasa tsagaggun suka zuba a duro. Na ɗauka za a yi rigima, sai na ga sun fi damuwa da su ga da gaske zai narke. Ya narke kuwa kafin a tashi. An sake gini, wannan karon hannunsu ya fi sauri nesa ba kusa ba, kuma kowa na karce wurin haɗi yana shafa ruwan yumɓu ba sai an tuna mashi ba.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Bushewa a rufe, ana juyawa kullum da safe, an raba ma yara kwanaki. Babu sabon tsagu sai guda biyu ƙanana.

Da yake babu gini yau sai muka yi hira. Na tambaye su wane gini ne na ƙasa a Katsina da ya fi kowane daɗewa a saninsu, duk suka ce Gobarau. Muka yi maganar bambancin ƙasar da aka shanya a rana da wadda aka gasa, dalilin da ya sa ginin ƙasa ke son yaɓe bayan damina amma tsingaro sai ya shekara ɗaruruwa a juji bai narke ba. Na ba su labarin kayan yumɓun Nok na kudancin Kaduna da masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928, waɗanda sun haura shekara 2,000 a ƙasa.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Karan dawa dami shida naira 7,200, ya yi tsada don masu dabbobi na saye. Busasshen kashin shanu buhu uku 3,000. Baba mai gadi ya share fili can ƙarshen filin ƙwallo nesa da ajujuwa, ya haƙa ɗan rami mara zurfi. Kuɗin Hajiya sun ƙare tun satin jiya in aka haɗa da na Inna, ta ƙaro 20,000.

Asabar, 6 ga Disamba

Ranar gashi. Mun zaɓi Asabar da sassafe kafin iska ta tashi, yara 19 suka zo da izinin iyaye, aka ja layi da toka a ƙasa aka ce babu mai tsallakewa, bokitan ruwa da yashi a gefe. Jiya dama an fidda kayan sun wuni a rana. Inna ta fara ɗumama manyan, ta kife su a kan ɗan garwashi har sai da suka yi zafin da ba a iya riƙewa, sannan ta shimfiɗa kashin shanu da kara, ta jera manya a ƙasa baki na kallon ƙasa, ƙanana a tsakankaninsu, ta rufe da manyan tsingaro sannan kara da ciyawa a sama. Ta yi bisimilla ta kunna ta ɓangaren da iska ke fita don wutar ta ci a hankali.

Ba a yi minti goma ba muka ji tas, sai kuma tas tas. Yara suka fara salati. Inna ko gezau, ta ce asusu ne. Haka kuwa aka yi, don asusu a rufe yake sai 'yar tsagar kuɗi, kuma yara sun yi masu gindi mai kaurin gaske, waje ya bushe ciki da sauran danshi, ruwa kuwa da ya kai digiri 100 tururi yake zama, in bai samu hanya ba sai ya fasa. Abin takaicin duk wanda ya fashe sai ya ɗauki na kusa da shi.

Wutar ta ci kamar awa ɗaya ana ƙara kara inda ya buɗe, ta wani ɗan rami muka hango tukunya ta yi ja jawur a ciki, na ɗaga ƙananan ɗaya-ɗaya daga bayan layi suka leƙa. Na gaya masu sai zafi ya wuce wajen digiri 600 sannan yumɓu ke canzawa ya zama abin da ruwa ba ya narkarwa, kuma wannan jan da suka gani alama ce an kai. Aka bar shi ya huce, Inna ta hana a taɓa har la'asar.

Cikin 54 da aka sa, 41 sun fito lafiya. Asusu takwas sun fashe, sun fasa kasake uku, tukwane biyu kuma na gefe ba su gasu ba, sun fito da baƙi-baƙi kuma in ka ƙwanƙwasa sai ka ji bif. Inna ta koya masu gwajin, a riƙe da yatsu a buga da ƙumba, mai kyau ƙara take yi siririya mai tsawo, mai ɓoyayyen tsagu kuwa muryarta a dishe. Sai ga yara sun zauna a ƙasa kowa na kai tukunya kunne. Ta yarinyar nan ta fito, da tabon hayaƙi a kafaɗa ɗaya, ta tambaya ko a goge, Inna ta ce a'a bar shi nan wuta ta taɓa.

Laraba, 10 ga Disamba

Gwaji. Mun sa ɗanyen kasko da gasasshe cikin ruwa, ɗanyen ya ruguje, gasasshen sai 'yan kumfa. Fallen awo da aka gasa ya koma 9.2.

Sannan muka haɗa tukunya cikin tukunya, irin wadda Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa a karkara har ya samu kyautar Rolex a 2000. Babbar randa na sayo a kasuwa naira 3,500 don namu ba su kai girman ba, ƙaramar kuwa ta yara ce. Aka zuba yashi a tsakani aka jiƙa, aka sa tumatir da alayyahu a ciki aka rufe da jiƙaƙƙen tsumma, wasu kuma aka bari a faranti a kan benci. Ruwan da ke tsatsowa ta jikin randar yana bin iska yana tafiya da zafi, dalilin sanyin ruwan randa kenan, kuma busasshiyar iskar nan da ta fasa mana kaya ita ce ke sa wannan ya yi aiki sosai. Da azahar ma'aunin zafi ya nuna 31 a ɗaki, 22 a cikin tukunya. Za su riƙa rubutawa kullum har a yi hutu.

Asabar, 13 ga Disamba

An baje kayan a ranar ba da sakamako. Ba mu yi niyyar sayarwa ba amma iyaye suka nace, kaskon turare ya fi tafiya, an samu naira 14,500, yara da yawa kuma sun ƙi sayar da nasu sun tafi da su gida. Alhajin nan ya zo, ya daɗe wurin tukunyar tumatir yana karanta jadawalin da ɗiyarshi ta rubuta, ya tambaye ta ko zai yi aiki da damina, ta ce ba sosai ba Baba sabo da iska na da danshi. Alayyahun faranti ya yi yaushi tun ranar Alhamis, na tukunya har yau da sauranshi.

Lissafi gaba ɗaya abin da aka kashe ya kai 81,700, fiye da rabi na Inna ne da kuɗin motarta. Na rubuta ma Hajiya takarda a kan zango na biyu, a mai da kuɗin Inna 6,000, a haƙo yumɓu tun cikin hutu a jiƙa shi ya kwana biyu don ta ce tsohon kwaɓi ya fi daɗin gini, a samu bulo a zagaye ramin gashi don na gefe su daina fitowa ɗanyu, asusu kuma a huda masu gindi da tsinke a gasa su daban. 'Yan aji huɗu na ta roƙo a sa su, amma ɗakin ba zai ɗauka ba sai an fidda sauran bencinan, kafinta ya ce zai zo ya duba waɗanda za su gyaru ranar Talata.